Sakofeniya: rama ce ko zaizayar tsoka?

Jama'a, ku kawo mini ɗauki. Ina shirya takardar wayar da kai ga masu kansar hanji da ke jiran tiyata, sai na yi karo da kalmar da likitoci ke kira sakofeniya, wato raguwar tsokar jiki da ƙarfinta, na rasa yadda zan faɗe ta da Hausa. Wani likitan Amurka, Irwin Rosenberg, shi ya ƙirƙiro ta a 1989, ya haɗa kalmomin Girkanci biyu, nama da talauci. Ka ga "talaucin tsoka" ke nan. Ta ɗan burge ni, amma ka gaya wa dattijo haka, zai ɗauka gorin naman miya kake masa.

"Rama" ce ta fara zo mini, kuma ba ta yi ba. Mai rama ido na ganinsa, sikeli ma ya tona shi. Wannan kuwa mutum zai shigo da tumbinsa da teɓarsa, a ce Alhaji ya yi kyau, alhali tsokar ta tafi, kitse ne ya rufa mata asiri. Shi ya sa likitocin tiyata ba sa tsayawa kan sikeli. Hoton siti-sikan (mai nuna cikin jiki yanka-yanka) da aka riga aka ɗauka don ganin inda kansar ta kai, shi suke komawa. Su zaɓi yanka ɗaya daidai gaɓa ta 3 ta ƙashin bayan ƙugu, kusa da saitin cibiya, kwamfuta ta ware tsoka daga kitse kamar mahauci a kan tebur, a auna faɗinta, a gwada da tsawon mutum. In ta yi ƙasa, an fi fargabar matsala bayan aiki: ciwo ya ƙi warkewa da wuri, kwanan asibiti ya yi tsawo.

"Ƙanjamewa" ta yi kusa, sai dai tun da aka raɗa wa wancan ciwon ƙanjamau, ba na son majinyaci ya koma gida da wata fassarar. "Shanyewa" kuma ta riga ta zama ta ɓarin jiki.

Wata ma'aikaciyar jinya ta ce mini "zubewar ƙwanji". Tana da hujja, don ƙwararrun Turai da suka sabunta ma'anar a 2018 ƙarfi suka sa a gaba, ana matse wata na'ura da hannu: in ƙarfin matsewar namiji ya yi ƙasa da kilo 27, na mace ƙasa da 16, an shiga zargi. Amma Bahaushe na jin ƙwanji, damtse zai kalla, mu kuwa tsokar ciki da ta gadon baya muke aunawa.

Ni dai na tsaya kan "zaizayar tsoka". Kowa ya san zaizayar ƙasa: a hankali take ci, ta ƙarƙashi, sai ranar da katanga ta zauna. Aikin aunawar kuma "awon tsoka" ya wadatar.

Mutanen Damagaram da Sakkwato, in mahautanku ko masu ɗori na da kalmar da ta fi wannan zama a baki, ku jefo ta kafin in miƙa wa mai bugawa ranar Litinin.