Oba-oba 'yar China ta isa, ko sai ta Japan?

Baba Lawal: Assalamu alaikum. Tun da na yi ritaya nake jin marmarin komawa rediyon sha'awa, wato hira da mutane ta na'urar rediyo don nishaɗi, da na ajiye tuntuni. Ɗana ya ce in sayi oba-obar Baofeng UV-5R 'yar China kawai, wai duk wanda ya zuba kuɗi a Yaesu ko Icom na Japan almubazzaranci ya yi. Mai shagon kuma ya rantse mini daga Katsina zan ji mutumin Daura da ita. Me kuka gani?

Aminu: Wa alaikumus salam, Baba. Ɗanka ya yi gaskiya. Tana aiki a zangon mita 2, wato 144 zuwa 146 MHz, da na santimita 70, wato 430 zuwa 440. Ƙarfinta wajen wat 5 ne, haka ma Yaesu FT-60 ɗin da ake ta yabo. Kuɗin Yaesu ɗaya zai saya maka Baofeng da yawa har ka raba wa abokai. In ta faɗi ta fashe ba za ka yi zazzaɓi ba.

Injiniya Kabir: A fara da mai shago. Ranka ya daɗe, ƙarya ya shara maka. Katsina zuwa Daura wajen kilomita 80 ne. Saƙon wannan zango miƙewa yake yi sambal, ƙasa kuwa lanƙwashe take. Mutum biyu a tsaye a fili, kowa da oba-oba a hannu, da ƙyar su wuce kilomita 10, cikin gari kuma gine-gine su cinye fiye da rabi. Ko ta Japan ce haka abin yake. Tsayin eriya ne ke kai saƙo nesa. Ka ɗaura eriya a kan doguwar sanda saman soro, ko a samu na'urar maimaita saƙo a bisa hasumiya, to nan an fara magana.

Aminu: Ka ga kenan ka goyi bayana, Injiniya. Tunda nisan ɗaya ne, me ya sa Baba zai biya ninki?

Injiniya Kabir: Ban goye ka ba, ƙanena. Bambancin yana wajen ji. Kunnen Baofeng ba shi da matata mai kyau. Je ka tsaya da ita kusa da tashar FM ko wata hasumiyar sadarwa, sai ta kurumce, mai kiranka yana ta kira kai kana jin shuuu. Sannan wasu daga cikinsu idan ka danna magana, sukan yi feshi a mitocin da ba naka ba. Saboda irin wannan ne hukumar sadarwar Jamus ta hana sayar da UV-5R a 2021. Ga jabu cike da kasuwa, an rubuta wat 8 ko 10 a kwali, a gwada a ga ba haka ba.

Malama Rabi: Ni duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Baba, da wa za ka yi magana? Oba-oba ba ta da amfani in babu wani a ɗaya ɓangaren. Ɗalibaina na kimiyya sun taɓa kunna ɗaya a makaranta, shiru kake ji. Wanda ke son hira da mutanen nesa, gajeren zango zai nema, 7 ko 14 MHz, inda saƙo ke tashi sama ya dawo ƙasa a wata nahiyar. Lambar kira mai farawa da 5N, wato ta Najeriya, ba a cika jin ta a iska ba, in ka yi kira Turawa rububinka za su yi.

Aminu: Malama, da oba-oba ma ana fita waje. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana ɗauke da na'urar maimaita saƙo, ana aikawa a 145.990 MHz a saurara a 437.800 MHz. Tana wucewa a tsayin kilomita 400, babu ginin da zai tare.

Malama Rabi: Na mintuna kaɗan, kana riƙe da eriya kana bin sama da ita. Baba hira yake so.

Malam Sale: Ku yi haƙuri, ni daga Jibiya nake, abin da na gani daban ne. Lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi irin su Jibiya da Batsari da Safana a 2021, mutane da yawa sun so mallakar oba-oba. Amma 'yan bindiga ma da ita suke amfani. A tsayar da kai a shingen bincike a ga wannan abu a mota, bayanin "sha'awa ce" ba zai fid da kai ba. Kuma Baofeng a buɗe take zuwa, tana iya aikawa daga 136 har 174 MHz. Yaro ya ɗauka ya latsa, sai ka tsinci kanka a layin da ba a ba ka izini ba. Baba, kafin zaɓen na'ura, lasisinka na da yana raye?

Baba Lawal: Ya mutu tun tuni, Malam. Zan nemi 'yan ƙungiyar rediyon sha'awa ta Najeriya su nuna mini hanyar sabuntawa. Amma har yanzu ba ku raba mini gardamar ba.

Injiniya Kabir: Ni dai FT-65 zan ce, tana cikin masu sauƙin kuɗi a Yaesu, ka ƙara da eriyar waje.

Aminu: Ban yarda ba sai an gwada. Ranar Asabar ni da Injiniya mu riƙe Baofeng da Yaesu a Ƙofar Ƙaura, wani ya bi hanyar Daura da mota yana kira, mu ga wacce za ta fara daina ji.

Malam Sale: Wanda zai shiga motar ya tafi da takardarsa a aljihu. Ni ba da ni ba.