Dan Allah ku taya ni tsara garin nan na cikin littafina, tsibiri ne bayan duniya ta watse

Ummu_Alƙalami ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan gida, barkanmu da warhaka. Shawara nake nema akan littafin da nake rubutawa, na kai babi na 9 na tsaya cak saboda na kasa ganin garin a idona, duk sanda wani zai fita daga gidansa ya je wani waje sai in rasa ta ina zai bi, me zai wuce, minti nawa zai yi a hanya.

Labarin a taƙaice, wata annoba ce ta cinye yawancin mutanen duniya, ba gwamnati ba wuta ba waya, yanzu shekara 12 kenan. Akwai wani tsibiri a cikin teku yankin zafi (ni na ƙirƙire shi, kar wani ya je nema a taswira), tsawonsa kamar kilomita 5 faɗinsa 2, akwai tsauni ta arewa da ƙorama guda ɗaya mai ƙafewa da rani. A da akwai ƙauyen masunta a bakin ruwa da wani otel na masu yawon buɗe ido, guguwa ta zo ta rushe su. Mutanen da suka rage kusan 300 ne, 40 asalin 'yan tsibirin, sauran kuma wani jirgin dakon kaya ne ya kawo su ya kafe a gaɓa, kuma yawancinsu namu ne Hausawa 'yan kasuwa mazauna garuruwan bakin teku da iyalansu.

Abinda na zana a takarda shine gari zagayayye akan kufan tsohon ƙauyen, ganuwa da ƙofa 4, gidan shugaba a tsakiya, masallaci a gefensa sai kasuwa, tituna a miƙe. Toh amma da na kalla sai naga kamar wani ofis ne ya yanka filaye ya raba, bai yi kama da wajen da mutane masu yunwa da tsoro suka gina da hannunsu ba. Me ya kamata ya zauna a ina? Masu ilimin gini da masu karance-karance dan Allah ku sa baki.

Injiniyan_Ruwa ya rubuta:

Wa alaikumussalam Hajiya. Ki ajiye zancen ganuwa tukunna, fara da ruwan sha, shi zai gaya miki inda garin zai zauna ko kina so ko ba kya so. A sansanin 'yan gudun hijira ƙa'idar da masu agaji suke bi ita ce lita 15 ga mutum ɗaya a rana, sha da girki da ɗan wanka, toh mutum 300 kinga lita 4,500 kenan kullum, in ƙoramarki ta ƙafe wata 4 sai an tanadi lita 540,000, wato irin tankin roba ɗin nan mai lita 5,000 sai an jera sama da 100, ina zasu samo su? Dole su gina babban tanki a ƙasa. Ni in nine ma kwamin wanka na otel ɗin nan zan sa su share su rufe samansa, ya zama shine rumbun ruwan gari, kuma duk wanda yake riƙe da makullinsa shine sarki ko ba'a naɗa shi ba.

Sannan rufi. Milimita 1 na ruwan sama akan murabba'in mita 1 lita 1 ne cif, rufin kwano mai murabba'in mita 100 a wajen da ake samun milimita 1,000 a shekara zai tara miki wajen lita 80,000 bayan an cire wanda ya zube. Kenan duk wani langa-langa da aka tsinto daga kango dukiya ce, kuma gidajen da suke da kwano zasu taru kusa da tankin ne saboda indararo ya zuba a waje ɗaya, masu rufin ciyawa su koma gefe. Kinga unguwar masu hali da ta talakawa ta fito da kanta ba tare da kin ce komai ba.

Rijiya kuma a tsibiri tana da sharaɗi, ruwan daɗi yana zaune ne a saman ruwan gishiri a ƙarƙashin ƙasa kamar yadda mai yake tasowa a kan miya, in ruwan daɗin ya ɗara tekun da mita 1 to akwai kamar mita 40 nasa a ƙasa, amma in aka cika ja ko aka zurfafa rami sai zartsi ya hau, kuma in ya hau ba ya sauka da wuri. Dan haka rijiyoyi marasa zurfi, can ciki nesa da gaɓa, da guga ba da inji ba. Salga ta zauna aƙalla mita 30 daga kowace rijiya kuma ta ɓangaren gangare, maƙabarta ma haka har ta fi nisa. Mutanen da annoba ta kashe musu iyaye ba zasu yi wasa da wannan ba.

Abu na ƙarshe, kar ki maida su bakin ruwa inda guguwa ta riga ta share. A Japan akwai wani ƙauye Aneyoshi, igiyar tsunami ta hallaka su a 1896 ta sake a 1933, sai waɗanda suka tsira suka kafa dutse a jikin tudu suka rubuta kar wanda ya gina gida ƙasa da nan, da ta 2011 ta zo ruwan bai kai ga gidajensu ba. Ki sa naki mutanen su yi irin wannan alamar, ko da kututturen kwakwa ne da aka shafa wa farar ƙasa. Ƙasa da alamar kwata ce da rumfunan kifi da wajen gyaran jirgi, sama da ita wajen kwana.

Ɗan_Gungu ya rubuta:

Anti ni ɗan Yauri ne, kakannina a tsibiran cikin kogin Kwara suka zauna kafin a tare ruwa a Kainji a 1968 tafki ya cinye wuraren, har tsohuwar Bussa ma ruwa ya shanye aka gina sabuwa. Abinda na ji a bakin tsofaffinmu shine an gina musu gidaje na siminti a jere tsaf, amma da suka tare kowa sai ya fara ƙara ɗakin ƙasa a gefe, a kafa rumbu a nan a ja danga a can, dan wa yana so ya zauna kusa da ƙaninsa, kishiyoyi kuma ba'a haɗa musu ƙofa tana kallon ƙofa. Toh in mutanen da aka gina wa kyauta ma sun lanƙwasa layi, ina ga naki da su zasu gina da kansu. Titi miƙaƙƙe sai mota, su kuma basu da mota, fetur ma shekara ɗaya zuwa biyu ya lalace balle 12. Hanyarsu ƙafa ce zata fitar, daga gida zuwa ruwa, daga gida zuwa kwata, daga gida zuwa gona, sauran duk lunguna ne.

Kuma Injiniya ka yi haƙuri, masunci ba zai yarda ya kwana nesa da jirginsa ba ko ka kafa dutse goma. Da asuba yake fita, wani lokacin tsakar dare in ruwa ya yi kyau, komarsa da kwale-kwalensa sune duk abinda ya mallaka. Mutum 40 ɗin nan 'yan asalin wajen ni ina ganin a ƙasa zasu zauna kan kufan iyayensu kusa da kaburburansu, baƙin ne zasu hau tudu tunda su tekun tsoro take basu. Kenan gari biyu kike da shi ba ɗaya ba, da hanya guda mai hawa a tsakaninsu, kuma kasuwar ba'a tsakiyar gari zata ci ba, a rabin hanyar nan zata ci inda mai kifi da mai rogo zasu haɗu kowa bai shiga unguwar wani ba. Abin dariyar ma shine namu da suka saba zama a zango a garin mutane irin su Kumasi, a nan sun fi masu garin yawa ninki shida amma in ba masu garin ba basu san ta inda jirgi yake shiga tsakanin duwatsu ba.

Wajen banda kifi ki kai shi inda iska take fita daga gari ba inda take shigowa ba, haka maƙera da masu ƙona katantanwa suna yin farar ƙasa, in ba haka ba rana ɗaya tartsatsi zai tashi rufin ciyawa duka.

Ummu_Alƙalami ta rubuta:

Kai amma naji daɗi wlh, Allah ya saka da alheri. Zancen kwamin wanka da gari biyu ɗin nan na ɗauka. Amma ganuwar fa ina sonta gsky, akwai babin da wasu zasu zo ta ruwa su kawo hari, in ba ganuwa me zai tare su?

Baffan_Yara ya rubuta:

'Yata ganuwa ba aikin mutum 300 bane, cikin su ma cire yara da tsofaffi da masu ciki ki ga nawa suka rage. Ta Kano tun zamanin Sarki Gijimasu aka fara ta, sarakunan baya suka yi ta ƙarawa ɗaruruwan shekaru, kuma da jama'ar ƙasa guda. Naki kowa yana gona. Ki lissafa, mutum yana cin kamar kilo 200 na hatsi a shekara, su 300 tan 60 kenan, gonar da ba taki na zamani da ƙyar hekta ta ba da tan 1, toh hekta 60 da fartanya, wa ya rage da zai kwaɓa ƙasa ya yi tubali? Teku ita ce ganuwarsu. Abinda zasu iya shine mai gadi akan tsauni da ganga ko wuta, da katanga gajeriya ta dutse a wuyan hanyar nan mai hawa inda mutum biyu basa jerawa, da waje ɗaya mai ƙarfi da mata da yara zasu shige, ko kwantenonin jirgin nan in an iya jawo su. Harin ma sai ya fi daɗin karatu a ƙunci akan a fili.

Ki nemi labarin Tristan da Cunha, tsibiri ne na gaske a kudancin Atlantika, sama da kilomita 2,000 tsakaninsu da mutane mafi kusa, ba filin jirgin sama. A 1961 dutse ya yi aman wuta dab da garinsu aka kwashe su gaba ɗaya su 264 aka kai Ingila, a 1963 yawancinsu suka ce su dai gida, suka koma. Wutar ta cinye masana'antar da suke sarrafa abin da suka kamo a teku amma gidajen yawanci sun tsira, suka gyara suka ci gaba. Yawansu kusan irin naki ne shi yasa na kawo su. Garinsu ɗaya ne tak, gidaje gajeru masu kaurin bango na dutse saboda iska, gonakin dankalinsu kuma suna can 'yan kilomita daga gari kowacce an zagaye ta da katangar dutse, har da 'yan bukkoki da suke kwana in aiki ya yi yawa. Ƙasar ta kowa ce ba'a sayarwa, kuma an ƙayyade shanun da kowane gida zai riƙe dan kar ciyawa ta ƙare. Wannan dokar ta dabbobi ki saka ta, akuya a tsibiri in aka sake ta sai ta cinye har saiwa, dan haka katangar da mutanenki zasu fi ginawa ta akuya ce, da burtali daga gari zuwa makiyaya.

Masallaci kuma kar ki manta alƙibla ce take juya shi ba titi ba, shi za'a fara shatawa da duwatsu tun kafin a samu rufi, gidajen kusa su bi bangonsa, shi yasa tsakiyar garin zata ɗan karkace daga sauran. Su wa zasu gane alƙiblar ba waya? Matuƙan jirgin, suna da kamfas da taswira.

Maman_Biyu ta rubuta:

Sannu 'yar'uwa, nima marubuciya ce, duk abinda maza suka faɗa gaskiya ne amma kar ki juye wa masu karatu lissafin lita a kai fa, zasu tsallake hhhh. Ki zana ki liƙa a bango ke kaɗai, su kuma ki basu ta ƙafar mutum ɗaya. Yarinya ta ɗauki jarka da sassafe ta fito lungunsu ta wuce bayan masallaci ta tarar da layi a bakin tanki, mai makulli bai fito ba mata suna ta mita, daga nan tana hango hayaƙin banda a ƙasa da ƙarfen jirgin ya yi ja da tsatsa ana ta yankarsa ana kai wa maƙera. Shikenan an ga gari.

Kuma ba wanda ya yi maganar mata, ina ake haihuwa, ina ake wanki, ina ake samo itace? Itacen girki kaɗai zai aske tsaunin nan cikin 'yan shekaru in ba'a hana ba, in ya aske kuma ƙoramar ta ƙara ƙafewa da wuri, dan haka sai an ware kurmi an ce haram a sare, kuma dole wata zata shiga da dare ta sata. Gero ma ba lallai ya yi a wajen mai laima haka ba, rogo ne da gwaza da dankalin Hausa da ayaba, ki bar wata tsohuwa tana ɓoyon 'yar ƙwaryar iri tana gwadawa a bayan ɗaki duk shekara tsuntsaye suna cinyewa. Rumbu a ɗora shi kan duwatsu saboda ɓerayen da suka sauko daga jirgin. Sola zata iya kaiwa shekara 12 tana aiki amma batir ya daɗe da mutuwa, kenan wutar rana kawai gare su, ki kai ta ɗakin magani.

Sannan tunda annoba ce ta kawo su nan, ina suke ajiye wanda ruwa ya kawo sabo? Ba zasu bar shi ya hau tudu ranar da ya iso ba. Ki ƙara wani ɗan ƙaramin tsibiri ko wani lungun gaɓa da ake killace baƙo wata guda ana tura masa abinci a kwale-kwale ba'a taɓa shi, mutanen Dubrovnik, wani gari na bakin teku a Turai, sun fara yin haka a 1377, a lokacin kwana 30 suke sa matafiyi ya yi kafin ya shiga gari. In jarumin naki ta nan ya fara shigowa ma kin samu babi biyu kyauta. Wai ma tukunna namiji ne ko mace, kuma ɗan tudu ne ko ɗan kwata?