Zum 30 ko babban sensa: wace ƙaramar kyamara ce ta matafiyi?

Idirisa, Ngaundere: Salamu alaikum. Magana ɗaya nake so manya su auna. A ganina, duk mai neman kyamarar aljihu don tafiya, ya dubi lambar zum kawai. Canon SX740 tana da 40, Panasonic TZ95 da Sony HX99 suna da wajen 30. Mene ne amfanin zuba kuɗi mai yawa a kan Sony RX100 VII da zum ɗinta bai kai 9 ba? Dorina a kogin Binuwai ba za ta matso don a ɗauke ta ba.

Malam Hamadu, Garwa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, lambar nan rabawa ce kawai. An raba tsawon gilashi na ƙarshen zum da na farkonsa, a milimita: 720 a raba da 24, ya ba da 30. Tunda duk daga 24 suke farawa, abin da take gaya maka shi ne nisan da kyamara ke jawowa, ba kyawun abin da ta jawo ba. Kyawun yana wajen sensa, farantin nan da haske ke sauka a kansa. Na masu zum 30 da 40 duka iri ɗaya ne, wajen milimita 6.2 a 4.6, bai kai farcen ɗan yatsa ba. Wanda ake kira inci ɗaya kuwa, irin na RX100 VII, milimita 13.2 ne a 8.8, wato ya ninka shi sau huɗu. An ƙanƙanta sensa ne da gangan don dogon gilashi ya shiga aljihu. Abin da aka ba ka a nisa, an karɓe shi a haske.

Idirisa: To Malam, haske ai ba shi muka rasa ba a ƙasar nan.

Malam Hamadu: Da tsakar rana, gaskiyarka. Ga lissafin. TZ95 in ka miƙe ta har ƙarshe, ƙofar haskenta tana tsukewa zuwa f/6.4. Dokin da ke sukuwa a hawan salla a ƙofar Lamiɗo yana buƙatar saurin ɗauka na 1/1000 na daƙiƙa kafin ƙafafunsa su tsaya cak a hoto. Da hantsi, rana tarwai, ISO 200 (lambar da kyamara ke ƙarawa in haske ya yi ƙaranci) ya ishe ka, hoto ya fito tas. Amma bayan la'asar sakaliya haske yana raguwa ninki takwas zuwa goma sha shida, sai kyamara ta haura ISO 1600 ko 3200. Ƙaramin sensa daga 800 yake fara yashi-yashi, kyamara kuma ta bi ta shafe yashin, sai fuskar mahayi ta koma kamar an shafa da yatsa, aikin rawani da kayan doki duk su narke. Kuma namun daji da kake magana, da sassafe da yamma suke fitowa, ba da azahar ba.

Alhaji Bashir, Injamena: Malam Hamadu ya faɗi gaskiya a kan haske, amma ban yarda a yi wa dogon zum kallon banza ba. A gandun dajin Zakuma ko na Waza ba a barin mutum ya sauka daga mota ya bi giwa da ƙafa. Tsuntsu a reshe, tazarar mita 30, a milimita 200, ƙarshen zum na RX100 VII, ɗigo ne a tsakiyar hoto. A 720 kana ganin baki da ido. Hoto mai ɗan yashi ya fi babu. Sannan akwai na'urar hana rawar hannu a cikinsu duka, wadda ke ba ka damar sauka zuwa 1/125 a ƙarshen zum in abin da kake ɗauka a tsaye yake.

Malam Hamadu: In a tsaye yake, Alhaji. Na'urar tana gyara rawar hannunka ne, ba ta riƙe wutsiyar doki.

Hajiya Maimuna, Marwa: Ku bari in shigo da wata ta tsakiya da ba a ambata ba, Panasonic TZ200 ta 2018. Sensa inci ɗaya, zum 15, daga 24 zuwa 360. Ku yi wannan lissafin: a ɗauki hoto a 360, a yanke rabin faɗi da rabin tsawo, abin da ya rage daidai yake da 720. Yankin sensa da aka yi amfani da shi milimita 6.6 ne a 4.4, kusan girman dukan sensa na TZ95. Ƙofar hasken ma f/6.4 ce a ƙarshe, iri ɗaya. Ke nan a nesa kusan kunnen doki suke, a kusa kuwa, cikin ɗaki, kasuwa, wurin biki, babbar ta yi mata fintinkau.

Alhaji Bashir: Hajiya, kin manta da abu ɗaya. In kin yanke haka, megafiksel 20, wato ɗigon hoto miliyan 20, ya koma 5. Waccan kuwa 20 ɗinta cif.

Hajiya Maimuna: A takarda, Alhaji. Haske in ya ratsa ƙaramar ƙofa bazuwa yake yi, kuma a f/6.4 ɗigon haske ɗaya yana mamaye fiksel da dama na ƙaramin sensa, don kowannensu bai wuce maikuron 1.2 ba (maikuron dubu ne milimita ɗaya). Saboda haka 20 ɗin nan ba duka ke ɗauke da sabon abu ba. Ban ce babu bambanci ba, a rana mai kyau mai 720 za ta ɗan fi fitar da gashin tsuntsu. Amma ba ninki huɗu ba. Kuma megafiksel 5 ya isa a wanke hoto santimita 13 a 18, balle WhatsApp da ke matse komai kafin ya aika. Shi ya sa ma ba a tsuke ƙofar waɗannan kyamarori zuwa f/8 don neman kaifi, laushi ake ƙarawa.

Usmanu, Kuseri: Yayyena, duk kuna lissafi kamar iska tas take. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazon hunturu ne, mutum yana bakin kogin Lagon bai ga ɗaya gaɓar da kyau ba. Zum yana jawo abin da ke nesa tare da duk ƙurar da ke tsakani. Dutsen Rumsiki daga nesa ko a 960, ƙarshen zum na SX740, toka-toka zai fito, ko wace ce kyamarar. In bazara ta shigo kuma, Maris da Afrilu, iskar da ke tashi daga ƙasa mai zafi tana rawa, duk abin da ya wuce mita ɗari biyu sai ya karkace kamar a cikin ruwa. Maganinsa ba kuɗi ba ne: a ɗauka kafin ƙarfe tara na safe, ko a matsa kusa, ko a jira bayan ruwan farko.

Abin da ya fi damuna ma shi ne hancin kyamarar. Duk waɗannan, masu tsada da masu araha, gilashinsu bututu ne cikin bututu, yana fita yana komawa. Kowace fita iska yake zuƙa, kamar zugazugin maƙeri. Ƙwayar yashi ɗaya in ta shiga haƙoran da ke tura bututun, sai ka kunna ta yi ƙara, hancin ya tsaya a rabi, allo ya ce a kashe a sake kunnawa. In kuma ƙura ta kai ga sensa, baƙin tabo ne a kowane hoton sama, kuma ba a cire gilashin a goge kamar na manyan kyamarori, sai an kwance ta gaba ɗaya.

Idirisa: To Yaya Usmanu, ya ake yi da ita a kan hanya?

Usmanu: Kada ta zauna a aljihun riga tsirara, zaren aljihu ma shiga yake yi. Jakarta mai zif, a kan babur kuma a ƙara da leda mai rufewa. Kafin ka kashe ta, hure bututun da 'yar robar nan mai hura iska, hancin na kallon ƙasa, don komawarsa ciki ne ke shigar da yashin. Ban da hurawa da baki, ban da gefen rawani. In ta maƙale kada ka tura da hannu, haƙoran roba ne, karyewa suke. Cire batir, jira minti ɗaya, mayar, kunna tana kallon ƙasa. Sannan takardunsu sun ce daga digiri 0 zuwa 40 aka yi su, mu kuwa a nan zafi yana wuce 40 a inuwa. Bidiyon 4K shi ke saurin sa ta kashe kanta. Kada a bar ta gaban mota.

Alhaji Bashir: Akwai abin da ya fi lambar zum muhimmanci a ranarmu, tagar leƙe, wadda ake manna wa ido maimakon kallon allo. Da azahar allo baƙi ƙirin yake zama, kana neman tsuntsu a 960 da allon da ba ka gani, hannu a miƙe yana rawa. SX740 ba ta da tagar. Panasonic TZ99 da ta fito a 2025 ma an cire mata, an dai ba ta USB-C. TZ95, HX99, TZ200 da RX100 VII suna da ita. Manna kyamara a ido, gwiwar hannu a haƙarƙari, shi kansa rage rawa ne. In abin ya ɓace maka, ja zum baya ka gano shi sannan ka sake miƙawa.

Wani gargaɗi kuma, tunda dogon hanci yana jawo ido: soja, shingen bincike, gada, filin jirgi, gidan gwamnati, kada a nufe su da kyamara, a Chadi ko a Kamaru.

Hajiya Maimuna: Nan ma sai a tambaya, me wayar hannu ta kasa? Wayoyi da yawa yanzu babban idonsu yana da sensa da ya fi na mai zum 30 girma, da dare ma sun fi ta. Inda suke faɗuwa shi ne nesa: zum ɗin yawancinsu yanka hoto ne kawai, masu tsadar ne ke da gilashin ninki 3 ko 5. Wanda wayarsa ke da kyau, yana iya barin mata ɗaki da dare, ya sayi mai 720 don rana da nesa kaɗai. A wannan fuskar maganar Idirisa ta tsaya.

Malam Hamadu: Ta tsaya ga mai irin wannan wayar, Hajiya. Wanda kyamara ɗaya zai riƙe don suna da ɗaurin aure da tafiya, ina nan kan inci ɗaya. Ƙanena, kowace ka zaɓa, in ta hannu ce ka gwada ta a gaban mai ita. Miƙe zum ka mayar sau goma kana saurare, kada ka ji gurzawa ko tsayawa. Ɗauki farin bango ko sama a ƙarshen zum da ƙofa mafi tsukewa, ka buɗe hoton ka nemi tabo. Ɗora batir a kan tebur ka juya shi, in ya yi juyi kamar katantanwa ya kumbura. Caji ɗaya hoto 250 zuwa 380 yake bayarwa gwargwadon kyamarar, don haka batir biyu, kuma wadda ke caji ta USB ta fi, saboda ɗaukewar wuta. Katin ajiya mai alamar V30 in za ka yi 4K, ka cika shi taf a kwamfuta ka buɗe abin da ka zuba, jabu yana nuna gigabait 128 alhali cikinsa bai kai ba.

Idirisa: Na gode manya. Amma Nikon P1000 fa, mai zum 125?

Alhaji Bashir: Kilo ɗaya da gram 400 ce, ɗana, sensa kuma ƙaramin nan dai. Aljihun wace riga za ta shiga?