Sinadarin yana toshe kinas a bututu, amma a cikin sel kamar ba a zuba komai ba

dalibar_bincike

Assalamu alaikum malamai. Ina neman haske a kan wani sinadari da ake gwadawa don toshe wani tairosin kinas, wato wani enzayim (furotin mai hanzarta aiki) na cikin sel. A gwajin enzayim tsantsa da ADP-Glo, hanyar auna aikin kinas da haske, IC50 ɗinsa (yawan sinadarin da ke rage aikin enzayim da rabi) 8 nM ne, an maimaita sau uku lambar ba ta gusa ba. ATP (makamashin sel da kinas ke aiki da shi) a gwajin 10 µM ne, daidai da Km na enzayim ɗin, wato yawan ATP da ke sa shi aiki da rabin gudunsa. To amma da aka zuba shi a kan sel na cutar kansa tsawon awa 72, a ruwan reno mai FBS (ruwan jinin ɗan tayin saniya) kashi 10 cikin 100, sai da aka kai 4 µM, wato 4000 nM, kafin girman sel ɗin ya ragu da rabi. Tazarar ninki 500 ke nan. Nauyin ƙwayar sinadarin 480, logP (ma'aunin maiƙonsa) na lissafi 4.6. Wasu na cewa a jefar da shi a kama wani, wasu na cewa bangon sel ne kawai ba ya iya ratsawa. Me ya kamata a fara dubawa?

mai_enzayim

Wa alaikumus salam, Malama. Kafin a ɗora wa bangon sel laifi, a ɗauki biro a yi lissafi, domin yawancin tazarar nan tana cikin lambobin da kika kawo.

Aikin kinas shi ne ya ciro fosfet daga ATP ya liƙa wa wani furotin. Galibin masu toshe shi a aljihun ATP suke zama, wato rububin kujera ɗaya suke yi da ATP. Ke kin yi gwaji da 10 µM, alhali a cikin sel ATP yana kaiwa tsakanin 1 zuwa 5 mM. Lissafin da Cheng da Prusoff suka fitar a 1973 ya ce IC50 = Ki × (1 + ATP/Km), inda Ki shi ne ainihin ma'aunin ƙarfin kamun sinadarin. A gwajinki ATP daidai yake da Km, don haka 8 nM ninki biyu ne na Ki, Ki ɗin ya zama 4 nM. Yanzu ɗauki ATP na sel a kan 2 mM, wato 2000 µM: 4 × 201 ya ba da kusan 800 nM. Ninki 100 daga cikin 500 ɗin ya fita ke nan tun ba a taɓa maganar bango ba. Abin da ya rage ninki biyar ne kacal, wanda furotin ɗin da ke cikin FBS shi kaɗai zai iya cinyewa.

A tabbatar da wannan a faranti. A maimaita gwajin da ATP 10 µM, 100 µM da 1 mM. Idan da gaske gogayya yake da ATP, za a ga kusan 8, 44, da 400 nM. ADP-Glo yana ɗaukar ATP har 1 mM, sai dai a kula kada abin da enzayim ya cinye ya wuce kashi 10 zuwa 20 cikin 100, in ba haka ba lissafin ya karkace. Idan kuma IC50 ya ƙi motsi duk da an ƙara ATP, to ko dai a wani aljihu daban yake zama, wanda albishir ne, ko kuma 8 nM ɗin ƙarya ce.

Ƙaryar ta hanyoyi uku take zuwa. Akwai sinadaran da ke curewa su zama ƙananan dunƙulaye a ruwa, su manne enzayim su hana shi aiki. Alamarsu zane mai gangara da yawa, Hill, wato lambar da ke auna gangarar, ya haura 1.5 ko 2. A zuba Triton X-100, wani irin sabulun gwaji, kashi 0.01 cikin 100 a ruwan gwajin; in toshewar ta ɓace, curewa ce. Sannan ADP-Glo da hasken lusifares, enzayim mai ba da haske, yake ƙidaya, duk sinadarin da ya dusashe lusifares zai rage hasken, a ɗauka kinas ya toshe. Maganinsa a haɗa ADP da ATP ba tare da kinas ba, a zuba sinadarin a ga ko hasken zai ragu. Na ukun ba ƙarya ba ce sosai, iyaka ce: IC50 ba ya sauka ƙasa da rabin yawan enzayim ɗin da ke rijiyar, wato ramin farantin gwajin. Nawa kika zuba?

Wani abu kuma, wane irin enzayim aka saya? Guntun ɓangaren kinas da aka yanko ba lallai ya yi kama da cikakken furotin na cikin sel ba. Maganin imatinib ma kinas ɗin ABL da ke kashe yake kamawa da ƙarfi. Idan an riga an liƙa wa madaukin kunna shi fosfet, kamun yana raguwa ƙwarai.

mai_renon_sel

Na yarda da lissafin Malam, amma ina ganin tambayar ta cakuɗa abu biyu. Gwajin awa 72 ba ya faɗa miki ko sinadarin ya kama kinas a cikin sel. Abin da yake faɗa shi ne sel sun mutu ko sun daina rabuwa, ko ta wace hanya. Tsakanin bututu da mutuwar sel akwai matakin da aka tsallake, shi ne auna fosfet.

A shuka sel a faranti mai rijiya shida su kai kashi 70 zuwa 80 na cika. A zuba sinadarin daga 10 µM ana raba shi uku-uku zuwa ƙasa, matakai takwas, DMSO, ruwan da ake narkar da sinadarin a ciki, ya tsaya a kashi 0.1 cikin 100 a kowace rijiya har da wadda ba magani. Awa ɗaya zuwa biyu ya isa. In aka daɗe, sel na fara sauya hanyoyinsu, a rasa gane abin da ake gani. A ɗora farantin a kan ƙanƙara, a wanke da PBS (ruwan gishirin wanke sel) mai sanyi, a fasa sel da ruwan da ke ɗauke da sodiyam otovanadet 1 mM da sodiyam fuloraid 10 mM. Wanda ya manta waɗannan biyun, fosfatas, enzayim masu cire fosfet, za su share fosfet ɗin cikin mintuna, ya ga layi fari fat ya yi ta murna a banza. A westan bulot, gwajin da ke nuna furotin a matsayin layi a takarda, a rufe takardar da BSA (albumin na saniya) kashi 5, ba madara ba, don kasin na madara shi ma fosfet gare shi. Kuma dole a auna furotin ɗin gaba ɗayansa a gefe, ba mai fosfet kaɗai ba.

A zaɓi furotin da kinas ɗin ke taɓawa kai tsaye. Ga BCR-ABL a sel K562, CRKL ake dubawa. Ga JAK, STAT. Wanda ke can ƙasan layi, irin ERK, hanyoyi da yawa ne ke kunna shi. In babu antibodi mai kyau, NanoBRET yana auna zaman sinadari a kan kinas a sel mai rai, ko CETSA, inda ake ɗumama sel a ga ko furotin ɗin ya ƙara jure zafi.

A yi gwajin sau biyu, ɗaya da FBS kashi 10, ɗaya da kashi 0.5. Bambancinsu shi ne rabon da furotin ɗin ruwan reno ya riƙe.

Idan fosfet ya faɗi a wajen 0.5 zuwa 1 µM, sinadarin yana shiga, lissafin Malam ya tabbata. Kada a yi mamaki in kashe sel ya nemi fiye da haka, toshe rabi ba ya isa. A gwajin vemurafenib a kan masu melanoma, sai da fosfet ɗin ERK ya faɗi fiye da kashi 80 cikin 100 kafin ƙari ya motsa. Idan fosfet ya faɗi tun a 100 nM amma sel suna nan garau har 4 µM, to sel ɗin ba su dogara da wannan kinas ba, an zaɓi sel ɗin da bai dace ba. Wanda ya fi ban tsoro shi ne fosfet ya ƙi faɗuwa har 10 µM amma sel su mutu a 4 µM. Wannan wani abu daban yake kashewa.

Kuma ba sabon abu ba ne. An kai tivantinib gwajin asibiti da sunan mai toshe MET, daga baya aka gano tubulin yake hargitsawa. OTS167 an ce MELK yake kamawa, sai a 2017 aka cire MELK daga sel da CRISPR, fasahar yanke ƙwayar gado, maganin ya ci gaba da kashe su yadda ya saba. Shi ya sa ake amfani da sel Ba/F3. Asalinsu ba sa rayuwa sai da IL-3, furotin da ke sa su girma. In aka dasa musu kinas mai kunne, sai su dogara da shi. A gwada sinadarin babu IL-3, a sake gwadawa da IL-3. Idan IL-3 bai cece su ba, guba ce kawai. Hujja mafi ƙarfi ita ce a dasa kinas mai sauyi a mazaunin mai gadin aljihu, kamar T315I a ABL ko T790M a EGFR. In sinadarin ya rasa ƙarfi a kan waɗannan sel, ta kinas ɗin yake kisa.

dalibar_bincike

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Enzayim 2 nM ne a rijiya, Hill 1.1, kuma akwai Triton a ruwan tun farko. Ba a taɓa yin gwajin fosfet ba. Abu ɗaya da ban faɗa ba: a rijiyoyin 10 µM ana ganin wasu ƙananan allurai a madubin ƙara girma bayan kwana ɗaya. Sinadarin da ya rage miligiram 2 ne kawai.

mai_hada_sinadari

Malama, ai da alluran nan ya kamata ki fara. Sinadarin ne ya ƙi narkewa ya kwanta. Ma'ana abin da aka rubuta 10 µM ba 10 µM ba ne, wataƙila 4 µM ɗin ma ba 4 ba ne, saman zanen duk ba abin dogaro ba ne. Da logP 4.6 da zobba shimfiɗaɗɗu irin na masu kama aljihun ATP, ba abin mamaki ba ne.

A auna narkewa a PBS mai pH 7.4 da kuma a ruwan renon kansa: a zuba, a bari awa biyu, a juya a injin tacewa, a auna ruwan sama da na'urar LC-MS. A ɗebi ruwan reno a awa 0, 24 da 72 a ga nawa ya rage, domin wasu na ruɓewa, wasu na manne wa roba. Wajen sirkawa kuma, a gama duk matakan a cikin DMSO tukuna, sannan a ɗiga kowane mataki cikin ruwan reno. Wanda ya zuba 10 mM cikin ruwa ya ci gaba da sirkawa daga nan, gudaji yake rabawa. Maganar bango sai bayan wannan. A yi gwajin Caco-2, wanda ke auna ratsa shimfiɗar sel na hanji, ta ɓangarori biyu: in fita ta ninka shiga fiye da sau biyu, famfon P-gp ko ɗan'uwansa BCRP na tofar da shi, a ƙara elacridar mai toshe famfunan a ga ko lambar sel za ta gyaru.

Ni ban ga dalilin jefar da shi ba tukuna, amma 8 nM ɗin bai burge ni ba. pIC50 ɗinsa, wato IC50 a ma'aunin log, 8.1 ne, a cire logP 4.6, saura 3.5. Ana son a ga 5 ko sama. Wato maiƙo ne ke ba shi rabin ƙarfinsa, kuma maiƙon nan ne zai sa albumin ya riƙe shi, CYP3A4 na hanta ta cinye shi, in akwai amin mai caji ma ya taɓa hERG na zuciya. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a ƙara wani zobe don IC50 ya sauka zuwa 1 nM. Lambar bututu ta yi kyau, ta sel ta tsaya inda take. Gara a duba gefen da ke kallon ruwa a bakin aljihun a rataya abu mai son ruwa, kamar yadda imatinib ke ɗauke da metil-piperazin.

Kinas mai Km 10 µM abokin gaba ne mai wuya, don ya riƙe ATP gam. In gogayyar ta gagara, akwai hanyoyin kauce mata. In akwai amino asid sistin kusa da aljihun, ana iya ɗaure shi dindindin, yadda ibrutinib na 2013 ke kama C481 a BTK, osimertinib na 2015 kuma C797 a EGFR. Sai dai a irin waɗannan IC50 yana sauyawa da tsawon lokacin jiƙo, kinact/KI, ma'aunin saurin ɗaurewar, ake aunawa, kuma cutar kansa kan mayar da sistin ɗin serin ta kuɓuce. Dalilin fitowar pirtobrutinib, wanda ba ya dogara da sistin ɗin, a 2023 ke nan. Ko a nemi wani aljihu gaba ɗaya: asciminib na 2021 a ramin miristoyil na ABL yake zama, deucravacitinib na 2022 kuma a ɓangaren JH2 na TYK2, shi ya sa ya bambanta TYK2 da sauran JAK.

Kinas 518 aka ƙidaya a jikin ɗan'adam a 2002, aljihunan ATP ɗinsu kuwa sun yi kama da juna. Sinadarin da sai a 1 µM yake aiki a sel, a wannan 1 µM ɗin za a gwada shi a kan jerin kinas masu yawa. In ana hangen cutar da ake shan magani shekara da shekaru, irin amosanin gaɓɓai, sassauci ya fi na cutar kansa ƙaranci. A 2021 hukumar FDA ta Amurka ta tsaurara gargaɗi a kan tofacitinib da 'yan'uwansa saboda matsalar zuciya, daskarewar jini da cutar kansa. A haɗa kuma tagwayen sinadarin da aka toshe wa NH mai kama ƙugiyar aljihu da metil. Shi bai kamata ya taɓa kinas ba. In ya kashe sel a 4 µM kamar na asalin, an samu amsa.

mai_enzayim

Da enzayim 2 nM, Hill 1.1 da Triton, na janye zargin curewa, saura gwajin lusifares. Miligiram 2 a nauyi 480 maikuromol 4.2 ne, zai ba da kusan 415 µL na 10 mM a DMSO. Ya isa. Gwajin ATP uku ba zai ci 10 µL ba. Westan mai matakai takwas, 2 mL a rijiya, FBS iri biyu, bai kai 10 µL ba shi ma in an auna da kyau. Narkewa 20 µL. A fara da narkewa, don ita za ta faɗi inda za a tsayar da saman zanen. In 3 µM ne iyaka, daga 3 µM za a fara sirkawa. Sauran a raba shi 20 µL a ƙananan bututu masu murfi a ajiye a −20. DMSO yana shan ruwan iska, kuma bututu ɗaya da ake narkarwa ana mayarwa firiza, a nan sinadari mai maiƙo ke fara kwanciya tun bai kai faranti ba.