Neman shawara: ta ina zan tura gyarana ga masu Linux?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na ɗan jima ina koyon C, yaren rubuta manhaja, kwanan nan kuma na gano wata 'yar matsala a direban wifi na USB, wato kod ɗin da ke sarrafa na'urar, da ke cikin drivers/staging, sashen da ake ajiye direbobin da ba a gama gyara su ba. Na gyara a kwamfutata, yanzu ba ya yankewa. Ina so gyaran ya shiga kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin, kowa ya amfana. Na ga kod ɗin yana GitHub, shafin da ake ajiye kod, ta can zan tura? Ina cikin aikin kuma na daidaita wasu layuka da suka karkace, na canza wasu sunaye. In haɗa su duka? Masana a taimaka.

Admin: Wa alaikumus salam. Na GitHub kwafi ne kawai, ba a karɓar gyara ta can. Ta imel ake tura faci, wato rubutun da ke nuna canjin da ka yi wa kod ɗin, kuma rubutu tsagwaronsa, don saƙon HTML, wato mai adon rubutu, ko isa ba ya yi. Yi amfani da umarnin git send-email wajen turawa. Kada ka kwafa ka liƙa a shafin Gmail, zai ɓata maka tazarar layuka, facin ya ƙi hawa. Kafin komai dai ka zauna ka karanta jagorar da ke cikin kod ɗin, Documentation/process/submitting-patches.rst.

Wani tsohon hannu: Ƙanina, kada ka haɗa. Faci ɗaya, aiki ɗaya. Gyaran yankewar daban, daidaita layuka daban, canza sunaye daban. Dalili kuwa, in gyaranka ya jawo wata matsala nan gaba, da git bisect, umarnin gano canjin da ya kawo matsala, za a bi sawu, kuma ana so a cire abu ɗaya ba tare da an taɓa sauran ba. A bayanin facin ka faɗi mece ce matsalar, yaya take bayyana, a kan wace na'ura ka gwada. Mai kula da sashen zai ga abin da ka canza da idonsa, dalilin canjin ne yake nema a wurinka. Sai ka rufe da layin Signed-off-by da sunanka da imel ɗinka. Tun 2004 ake wannan, shaida ce cewa kana da haƙƙin ba da kod ɗin a ƙarƙashin lasisinsu. In babu shi, komai kyan aikinka sai an dawo maka da shi.

Wata 'yar uwa: Ka bi da facin ta scripts/checkpatch.pl ya duba maka tsarin rubutunsa, sannan scripts/get_maintainer.pl ya nuna maka waɗanda za ka tura wa. Ni dai a ganina ka fara da gyaran yankewar shi kaɗai, ka bar kwalliyar layuka.

Admin: Malama, ai a staging ana karɓar irin wannan share-sharen, nan sababbi da yawa ke koyon hannu.

Wata 'yar uwa: Ana karɓa, amma shi da yake da gyara na gaske a hannu, me zai sa ya binne shi cikin kwalliya?

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. To in na tura aka yi shiru fa?

Wani tsohon hannu: Jira aƙalla mako guda kafin ka tuna musu. In ka dace da makonni biyun nan da Linus Torvalds, jagoran kanel ɗin, ke karɓar sababbin ayyuka bayan fitar kowane sabon kanel, ƙara haƙuri, hankalin kowa yana can. In an ce ka gyara wani abu, amsa a ƙarƙashin maganar mutum, kada ka rubuta a samanta. Sai ka sake turawa da alamar v2, wato siga ta biyu, ka jera abin da ya canza a ƙasan layin --- don kada ya shiga tarihin kod ɗin.