Masu sana'a, yaya kuke cewa a'a ba tare da kun ɓata da mutane ba?

Mai ɗinkin mata, Gyaɗi-Gyaɗi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata ga duk mai cin abinci da hannunsa a garin nan na Kano: wace ƙa'ida kuka kafa tsakaninku da kwastoma da dangi, kuma yaya kuka yi ta zauna? Ni matsalata watan azumi ce. Duk shekara ina sanarwa cewa daga sha biyar ga wata na rufe karɓar ɗinki. Sai goman ƙarshe ta shigo, ka ga matar kawu ta turo yaro da turmi uku, wai ke dai ki taimaka, ai ba za ki bari ƙannenki su yi sallah da tsofaffin kaya ba. In na karɓa, wadda ta kawo nata tun Sha'aban ita za ta sha jira, kuma ita ce za ta je gidan biki ta ce teloli duk halinsu ɗaya. In na ƙi, kafin sallah magana ta zaga dangi cewa na samu duniya. Don Allah kowa ya faɗi yadda yake yi, ba nasiha nake nema ba, abin da ya faru da ku nake son ji.

Telan maza, Fagge

Wa alaikumus salam Hajiya. Abin da mutane ba su gane ba, riga ɗaya ba hannu ɗaya take bi ba. Ni na yanka na haɗa, amma sai ta je wajen mai aikin wuya, ta dawo a yi maɓalli, sannan ta tafi wajen masu bugu in shadda ce. Kowannensu a azumi layi ne a gabansa. To in na ce wa mutum jibi, alkawarin mutum huɗu na ɗauka da bakina ni kaɗai.

Abin da na koma yi, na rataye allo a shago. Duk wanda ya kawo kaya, a gabansa nake rubuta sunansa da ranar karɓa, ya ga sunayen da suka riga shi. Idan allon ya cika ba ni ne zan ce a'a ba, shi da kansa zai karanta. Wani ƙanin mahaifina ya zo ana saura kwanaki kaɗan sallah, na miƙe na ba shi kujera, na sa aka kawo masa ruwan alwala, sannan na nuna masa allon na ce Baba zaɓi wanda zan goge in sa naka. Ya duba, ya ga sunan limaminsu a ciki, ya yi dariya ya naɗe shaddarsa. Na haɗa shi da wani yarona da ya buɗe nasa shagon, aka yi masa a can. Har yau yana tsokanata da maganar, amma kayan babbar sallah tun Shawwal ya kawo.

Sai kafin alƙalami. Rabin kuɗi kafin almakashi ya taɓa yadi, ko waye. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kunna janareta ya zama abin lissafi, ba zan ƙona mai a kan kayan da mai shi zai bari a rataye har bayan sallah ba.

Dattijo, Kantin Kwari

'Ya'yana, na ga kowa zai fara cewa ba bashi, ba bashi. Ku yi a hankali. Mu a Kwari bashi shi ne kasuwar. Mutum ya taso daga Maraɗi ko Injamena ko Marwa, ya ɗauki dila, ya biya rabi, sauran sai ya sayar. Haka muka tarar da iyayen gidanmu suna yi, haka aka yi mana har muka tsaya da ƙafarmu. Wanda ya ce shi ba ya ba da bashi sam, to ya koma sayar da yadi biyar-biyar. Bashi hanji ne, yana cikin kowa.

Iyakar da na sani ita ce rubutu da wa'adi. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan me ta sauka? A kan a rubuta bashi a sa shaidu. Amma sai ka ga Bahaushe yana jin nauyin ɗauko littafi a gaban amininsa, wai kamar bai yarda da shi ba. Ni ko ɗan cikina ne ya ɗauki kaya sai ya sa hannu. Kuma tun ambaliyar da ta shiga kasuwa a daminar 2022, da na ga yadda ruwa ya yi da littattafan wasu maƙwabta, duk shafin da ya cika sai yaro ya ɗauki hotonsa a waya.

Wa'adin ne na rage. Da can mutum kan yi wata uku da kayana ban damu ba. Da naira ta faɗi daga tsakiyar 2023, sai ka ba da kaya a wani farashi, ranar da aka biya ka kuɗin ba za su sayo maka irinsu ba. Ka ga ka yi ciniki, ka ci riba a takarda, shago kuma yana ramewa. Yanzu mako kaɗan nake yankewa, wanda ya saɓa sau ɗaya ina yi masa uzuri, wanda ya maimaita ba faɗa ba zagi, mu gaisa mu yi sallah sahu ɗaya, amma kaya sai da kuɗi a hannu.

Mai turaren wuta da humra, Gwammaja

Baba Allah ya ƙara girma, naku manya ne. Mu da muke sayarwa daga ɗaki ta waya, damuwarmu daban ce. Mutum ya ga lambarki a Instagram, ƙarfe ɗayan dare ya kira wai yana tambayar farashin kwalba. Wasu ma ba turaren suke so ba, hira suke nema. Sai da abin ya kusa jawo min magana da maigida.

Na sayi layi na biyu na sa WhatsApp Business a kai. Akwai wajen da ake jera kaya da farashinsu, akwai saƙon da yake fita da kansa in an rubuto bayan lokacin aiki. Nawa yana cewa mun tashi, za a amsa da safe in Allah ya kai mu. Bayan isha'i wayar tana cikin durowa. Kira kuwa ba na ɗauka sai na macen da muka riga muka yi ciniki. Kuma ba wanda nake kwatanta wa gida, ɗan aike ne yake kai kaya, ko a haɗu da ƙanena a bakin titi.

Abu na biyu, kaya ba sa fita sai na buɗe asusuna na ga kuɗin da idona. Hoton rasit ba kuɗi ba ne. Lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, da kowa ya koma tura kuɗi ta waya, a nan na koyi wannan, don an turo min hoton da ya yi kyau fiye da na gaskiya. Wata ta ce min ai ita matar wane ce, na ce Hajiya na sani, bankin ne bai sani ba, mu jira shi tare.

Abin mamaki, tun da na fara haka masu saye suka ƙaru. Mata suna tura wa ƙawayensu lambata suna cewa wannan ba ta wasa, in ta ce gobe to gobe ne.

Mai ɗinkin mata, Gyaɗi-Gyaɗi

Malam na Fagge, allon nan ya shige ni. Sai dai ni a cikin gida nake, masu matsa min ba sa zuwa, yara suke turowa ko su kira mahaifiyata.

Mai kayan gara da kek, Rijiyar Zaki

Yaya, ta wajen Umma za ki fara, don in ba ta tsaya miki ba babu ƙa'idar da za ta yi kwana biyu. Ni na zaunar da tawa na lissafa mata komai: buhun fulawa daga kasuwar Singa, sukari, jarkar mai, gas, 'yan aikin da suke kwana suna murza dubulan da alkaki. Da ta ga abin da ake kashewa a garar amarya ɗaya, ita da kanta ta ce ashe kyauta kike yi wa mutane. Yanzu in aka kira ta, sai ta ce ku kira ta ku yi ciniki, ni ban san farashi ba.

Bikin dangi kuwa na raba abu biyu. Gudummawata ina ba da ita daban, a hannun uwar amarya, kamar yadda kowa yake bayarwa. Aiki kuma farashinsa farashinsa ne. Da can in na yi musu a rabin kuɗi, ba a lissafa shi a gudummawa, ranar biki sai ka ji ana cewa wance ko sisi ba ta kawo ba. Ga asara ga gori. Akwai gwaggon da ta yi fushi ta kai aikin wani waje, ba ta gaishe ni da kyau ba har aka yi suna. Ban bi ta da magana ba, na je barka da turmina. Bikin 'yarta ta biyu ni na yi, kuɗi cif.

Mai ƙunshi, Ɗorayi

Ni gaskiya ban iya ba. Amarya ta ce ƙarfe goma, ta zo bayan la'asar da ƙawaye takwas alhali huɗu muka yi da ita, in zauna har sha biyun dare. In na buɗe baki zan yi magana sai kunya ta kama ni. Ina karanta naku dai.

Mai gyaran waya, Farm Centre

Ƙanwata mai ƙunshi, rubuta ƙa'idarki za ki yi ki tura wa amarya tun ranar da aka kama miki rana, in baki ya kasa waya ba ta jin kunya.

Ni tawa iyakar ba ta kuɗi ba ce, ta irin aikin da nake karɓa ce. A kasuwarmu kullum sai an kawo waya a ce an manta lambar buɗewa, a cire. Ina tambayar kwali ko rasit, in duba lambar IMEI, wato lambar shaidar waya, ta jikin kwalin in gwada da ta wayar. Babu su, babu aiki, ko nawa za a ba ni. Kowa ya san yadda ƙwacen waya ya addabi garin nan, kuma ranar da aka biyo sawu, teburin mai gyara ake fara zuwa. Sannan ba na buɗe hotunan mutane ko saƙonninsu, yarana ma na hana su. An sha zuwa min, miji ya kawo wayar mata ko saurayi ta budurwa, wai in kwafe masa abin da ke ciki. Na ce wannan ba gyara ba ne.

Na rasa kuɗi a kan haka, ba ƙarya. Amma yau mafi yawan masu kawo min aiki mata ne da ma'aikata, waɗanda ba za su miƙa wayarsu ga kowa ba. Wasu ko sunan shagona ba su sani ba, cewa suke a kai wa mutumin nan da ba ya duba waya.

Malamin Islamiyya, Kurna

Ni mai saye ne, bari in faɗi ta ɓangarenmu. Wasunku sun fake da ƙa'ida suna wulaƙanta mutane. Ka tambayi farashi a amsa maka kamar ka zo bara. Ka karɓi kaya ka ga aibi, a nuna maka rubutu wai in an saya ba a dawowa da shi. Wannan rubutun ba ya halatta ɓoye aibi, mai saye yana da haƙƙin mayar da kayan da aka ɓoye masa lahaninsu. Hadisin da ya ce jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci ne, gaskiya ne, naku ne. Amma akwai wanda ya yi addu'ar rahama ga mai sauƙi in ya sayar, in ya saya, in ya nemi haƙƙinsa. Ku riƙe su biyun. Telan Fagge ya ba ƙanin mahaifinsa kujera kafin ya nuna masa allo, ku lura da wannan.

Mai turaren wuta da humra, Gwammaja

Haka ne Malam. Ni in kwalba ta fashe a hanya ko ƙamshin bai kama ba, ina canzawa, kuɗin aiken ma a kaina. Abin da ba na karɓa shi ne a ƙona rabi a dawo da rabi.

Yaron shago, Ƙofar Wambai

Baba na Kwari, ni kuma fa? Shagon ba nawa ba ne. 'Yan uwan maigida suna zuwa in ba ya nan su ɗauki kaya su ce ai ya sani. In na hana, na yi rashin kunya. In aka zo lissafi kuma ni ake kallo. Ina son ranar da za a sallame ni in fita da sunana da kyau.

Dattijo, Kantin Kwari

Yaro, kada ka hana, kada ka bayar. Ka ce to, bari in kira Alhaji ya ji da bakinka, ka kira shi a gabansu ka sa a lasifika. In ya ce a ba su, ka rubuta kaya da rana, wanda ya ɗauka ya sa hannu. In wayarsa ba ta shiga, ka ba su wajen zama ka sayo musu ruwa su jira. Amma kafin nan ka samu maigidanka shi kaɗai, bayan an rufe shago, ka gaya masa haka kake so ka riƙa yi, ka nemi izininsa. Littafin kuma ka sayi naka daban da na shago, ka riƙa tafiya da shi gida.