Ƙanena zai shiga makarantar aikin gona: ku da kuka yi ta, me zai taras?

Mai tambaya, daga Tawa

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena ya samu shiga makarantar koyon aikin gona ta gwamnati da ke Kollo, wadda ake kira IPDR, kusa da Yamai. A gona ya tashi, ya iya huɗa da shuka. Ku da kuka yi irin wannan makaranta, can ko wani wuri, ina roƙon ku faɗa mana abin da ake yi a zahiri da abin da ke kayar da ɗalibai.

Malamin gona, Kwanni

Wa alaikumus salam, yaya. Allah ya sa albarka. Ka faɗa masa tun yanzu cewa awo da lissafi su ne karatun. Yaran da suka tashi a gona sun fi kowa saurin hannu, amma su ne kan raina igiya da ma'auni, nan kuma maki ke zubewa.

Abu na farko da muka koya shi ne fitar da fili mai kusurwa daidai. Igiya mai mita 12, a ɗaura alama a mita 3, sannan a ƙara 4, sauran 5. Mutum uku su ja ta ta miƙe, kusurwar da ke tsakanin 3 da 4 ita ce madaidaiciya. In igiyar roba ce mai miƙewa, filin zai karkace, duk lissafin da ya biyo baya ya lalace.

Sai taki. Hekta guda murabba'in mita 10,000 ce. In an shuka hatsi mita guda tsakanin gurbi da gurbi, gurbi 10,000 ke nan. Giram 6 na NPK 15-15-15 a kowane gurbi, wato cikin marfin kwalbar lemo, ya ba da kilo 60 a hekta. In DAP ne giram 2 ya isa, kilo 20. Wannan ɗan taki-taki cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore ta yi aiki a kansa sosai. Inda ake kuskure: a zuba takin a kan iri kai tsaye alhali ƙasa ba ta jiƙa sosai ba, ya ƙone tsiron. Daga baya a rage tsiro a bar uku a gurbi, kamar mako biyu zuwa uku bayan fitowa. Wanda ya ji tausayin cirewa ya bar bakwai, zangarniya ƙanana zai samu.

Ya kuma riƙe cewa buhun 15-15-15 mai kilo 50 kilo 7.5 kawai na sinadarin azot ke cikinsa, takin ure kuma azot ɗinsa 46 cikin ɗari ne. Jarrabawa ba ta rasa wannan tambayar.

Tsohuwar ɗaliba, Madawa

Ni kan zama zan yi magana. Kollo ƙasar Zabarmawa ce, karatu kuma da Faransanci. Hausa za ta kai shi kasuwa, amma ranar da aka fita ƙauye tambayar manoma, ko gaisuwa da ƙirga da sunayen amfanin gona ne ya koya da Zabarmanci. Wurin bakin kogin Kwara ne, ga gonakin shinkafa, saboda haka sauro ba irin na Adar ba ne. Gidan sauro mai magani, takalmin roba dogo, hular kaba, tocila, da ƙaramin littafi mai bango mai ƙarfi wanda zai shiga aljihu. Kada ya riƙa shiga ruwan kwata ƙafa tsirara, tsargiya ake ɗauka a nan. Aikin fili da sanyin safiya ake yinsa, wanda ya saba kwanan safe zai sha wuya.

Ma'aikacin kare tsirrai, Yamai

Ɗan'uwa, ga abin da na fi so ƙanenka ya iya kafin ya fito: auna famfon feshi. Da yawa suna zuba magani da ido, kuma haka manomi zai koya daga gare su.

A auna fili mita 10 a kan 10. A cika famfon goyo da ruwa zalla, a fesa filin da tafiyar da mutum zai iya riƙewa yini guda, a duba ruwan da ya ragu. In lita 2 ta tafi, hekta za ta ci lita 200. Famfo mai lita 16 ke nan za a cika shi sau 12 da rabi. In takardar maganin ta ce lita guda a hekta, kowane cikawa mililita 80 ne. Da zarar an canza bakin famfon ko mai feshin, a sake awon, domin tafiyar kowa daban. Ba a feshi da tsakar rana ko cikin iska, kuma ba a hura bakin famfo da baki in ya toshe.

Ya kuma koyi gane ɓarna kafin ya kai hannu ga magani. Murzuna da ke cin zangarniyar hatsi tana barin layi mai murɗewa a jikinta, kuma feshi ba ya yi mata wani abin kirki tunda tana ciki. Abin da INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, ke yaɗawa shi ne sakin wani ɗan ƙwaro mai kashe tsutsar, a cikin ƙananan buhunan algarara da ake ratayewa a ƙauye. Wake kuwa, wajen ajiya, buhu mai riɓi uku na PICS ya isa, muddin waken ya bushe sarai kuma ledar ba ta huje ba.

Mai aikin gyaran ƙasa, Keita

Tunda ɗan Tawa ne, gida zai dawo, kuma fako zai taras. Ya mai da hankali ga darasin tassa da rabin wata, wato ramukan da ake haƙa don tare ruwan sama a gona. Rabin wata na noma faɗinsa mita 4, ana jera 313 a hekta, layi na biyu ya faɗa tsakanin na farko domin ruwan da ya kuɓuce sama ya samu mai tare shi. Bakinsa ya fuskanci inda ruwa ke gangarowa. Kuskuren da na fi gani shi ne rashin bin layin da ƙasa ta daidaita: gefe guda ya fi ɗaya tudu, ruwa ya taru a kunne guda ya fasa. Tiyo mai haske cike da ruwa da sanduna biyu masu alama sun isa a fitar da layin. Lokacin istaj, wato zuwa koyon aiki a fili, ya nemi a turo shi Keita ko Badagishiri. Aikin gyaran ƙasa na Keita tun 1984 aka fara shi, kuma har yanzu akwai abin gani da ido.

Manomin albasa, Galmi

Malamai, ku gafarce ni, zan ɗan saɓa. Lissafin nan duk gaskiya ne, amma yaron da ya fito da igiya ya ce wa dattijo mita guda-guda, ba a sauraronsa. Manomi da takun ƙafa yake awo, da tiya yake ƙirga. Ya iya juya kilo zuwa tiya: tiyar hatsi kusan kilo 2 da rabi ce.

A albasa kuma, makaranta za ta koya masa reno da dashe bayan kwana 40 zuwa 50, lokacin da tsiron ya kai kaurin fensir. Abin da fangali ke koyarwa shi ne ƙarshen aikin. Ure da aka zuba a makare tana ba da kai babba mai ruwa, wanda ke ruɓewa a rudu, rumbun ajiyar albasa. A yanke ban ruwa kamar kwana 10 zuwa 15 kafin cira, idan ganye ya fara kwanciya, a bar wuyan ya bushe kafin a yanke shi.

Malamin gona, Kwanni

Alhaji ya yi gaskiya, shi ya sa ake tura su istaj. Abu guda zan ƙara kan rahoton ƙarshe. Ya rubuta komai ranar da ya faru: ranar shuka, ruwan da ma'auni ya nuna, ranar noman fari, nauyin abin da aka girbe. A girbi a bar layukan gefe, a auna na tsakiya kawai, kuma sai ya bushe. Kilo 6 a fili mai mita 10 a kan 10 daidai yake da kilo 600 a hekta. Wanda ya auna hatsi da ɗanyensa zai kawo adadin da malamai za su gane da kallo guda.

Mai tambaya, daga Tawa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. 'Yar uwa ta Madawa, igiyar awo da ma'aunin giram makaranta ke bayarwa ko mu saya masa tun daga nan?